Ƙunshin Ranar Rufe Lakwal

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Yuni, a damina ta biyu bayan samun 'yancin kai, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, mu biyu ne manya a gindin tsamiyar da ke farfajiyar lakwal, wato makarantar boko: ni da Mushe Sanda, daraktanmu (Mushe ake kiran kowane malamin lakwal). Yara suna zaune sahu-sahu bisa rairayi, iyayensu suna tsaye bayan darni. Ranar rufe lakwal ce, kuma ranar na yi babban kuskurena na farko a aikin koyarwa. Ƙauyen yana cikin ƙasar Mayahi, tafiyar wuni guda a ƙasa daga Gidan Amumune. Ba zan faɗi sunansa ba, domin jikokin mutanen suna nan da ransu.

Ku malaman yanzu nake rubuta wa. Na ji wasunku suna cewa ranar rufe lakwal ranar hutu ce, a karanta sakamako, a kwashi kyautar yara, a hau babur. Ba haka ba ne. Karɓar kyauta daga hannun yaro aiki ne mai ƙa'ida, kamar jan layi, kamar riƙon alƙalami, kuma ni sai da na ɓata shi sau biyu kafin in iya.

Aikin farko da Mushe Sanda ya ba ni ba koyarwa ba ne, haɗa tawada ne. Garinta yana zuwa a 'yar takarda. A zuba a kwalba, a cika da ruwan rijiya wanda aka tace sau biyu da tsumma, a girgiza, a bari ya kwana. In ta yi ruwa, rubutu ya dishe kafin wata ya ƙare. In ta yi kauri, ta toshe bakin alƙalami, yaro ya ɗiga baƙi a kaye, littafin rubutunsa, kai kuma ka hukunta shi a kan laifinka. Kwalba huɗu ya zubar mini a ƙasa kafin ya yarda da ta biyar. Ajinmu rumfar kara ne, allon bango katako ne da nake shafe wa da gawayi da ƙaro, ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne a rataye a tsamiya. Alli kuwa ba a jefar da shi sai ya gagari yatsu riƙewa.

Zubar da tawada bai dame ni ba, domin a makarantar mishan na tashi. Baturen da ya koya mana rubutu yakan yage shafi sukutum saboda harafi ɗaya da ya haye layi. Shi ne ya dasa mana cewa malami ba ya karɓar kome daga hannun wanda yake auna wa ƙoƙari, ko da allura ce. Da wannan na zo ƙauye, ban kuma tambayi kowa ba ko a nan ma haka ake yi.

Da aka gama karanta sakamako a wannan Asabar, sai na ga yara suna fito da 'yan ƙunshe-ƙunshe daga cikin riguna. Wanda ya fara tasowa wurina shi ne mafi ƙanƙanta a ajina, Lawali, ɗan farin wani manomi mai suna Illa. Yana riƙe da 'yar ƙwarya cike da ƙaiƙayi, da ƙwan zabo biyu a ciki. Na ce masa da Faransanci ya mai da su. Bai gane ba, ya ƙara miƙo hannu. Sai na ɗaga murya da Hausa, yadda na bayan darni za su ji.

"Mai da su gida. Ni gwamnati ke biyana."

Yaron ya tsaya, ya juya. Illa ya miƙo hannu ta saman darni, ya karɓi ƙwaryar, ya tafi. Sauran yaran ajina suka mai da ƙunshinsu cikin riguna.

Da aka watse na nufi wurin Mushe Sanda. Yana ɗaure tabarmar da ya rufe nasa kayan da ita ya ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Mishan."

"Sun koya maka rubutu mai kyau, ban ƙi ba. Ka san yadda ake samun ƙwan zabo? Zabuwa ba ta yin ƙwai a gida. Yaron nan kwana nawa ya yi yana bin ta cikin sabara kafin ya ga inda take ɓoyewa? Sakamako kuma mun riga mun karanta, shi ne na uku daga ƙarshe. Mi zai saya da ƙwai biyu? Ka sake karantawa?"

A ranar ya zaunar da ni ya koya mini tsarin, kuma shi na bi har na bar aiki. Sai an karanta sakamako, an buga ƙarfe, sannan ake miƙa hannu, domin daga lokacin yaro ba wanda ake aunawa ba ne, baƙo ne da ya zo sallama. Da hannu biyu ake karɓa. A kira sunan yaro da sunan ubansa a fili. Fuskar da aka yi wa mai kaza, ita ake yi wa mai goro ɗaya. Kowa a ba shi tukuici, guntun alli ya isa. Abin da ya fi nanata mini shi ne ba a kwance ƙunshi a gaban yara, a tura shi ƙarƙashin tabarma sai an watse, don kada wani ya ga na wani ya fi nasa.

Akwai wata kyautar dabam, ita ce Baturen mishan ya yi gaskiya a kanta. Wannan tana zuwa a farkon shekara, lokacin ɗaukar sababbin yara, kuma uba ke kawo ta da kansa ta bayan gida. Rago ne, ko damin hatsi, don ka rubuta cewa ɗansa daƙiƙi ne, a sake shi ya koma gona. Ita ake ƙi, a ƙi ta a asirce yadda mutum zai iya komawa da ragonsa ya ce kasuwa ya kai shi. Matashin malami da bai iya raba waɗannan biyu ba, ko ya zama maciyin hanci ko ya zama mai wulaƙanta mutane.

A wancan zamani shekara biyu-biyu ake ɗaukar yara, malami kuma yana bin ajinsa daga ƙasa har sama. Don haka shekara biyar na yi da su Lawali. Shekarun gujiya ne, wadda wasu ke ce wa gyaɗa. Da kaka manyan motoci suna shigowa har bakin kasuwa, ana aunawa, ana lodi zuwa Tasawa. Ranar rufe lakwal tabarmata takan cika da ƙuli-ƙuli, da man gujiya a 'yan kwalabe, da gujiya da ɓawonta a ƙulle a tsumma. Lawali bai sake kawo kome ba sai a shekara ta uku, da ya zo da igiyar kaba da ya tufka da kansa. Na karɓa da hannu biyu, na kira sunan ubansa. A lissafi ya tsere wa kowa tun aji uku. Rubutunsa ne kamar tafiyar kaza, na yage masa shafuka da yawa kafin ya miƙe. Illa kuwa shekara biyu bai gaishe ni ba. Daga baya yakan ce "Mushe," in ce "Baba Illa," kowa ya wuce.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke bayan gujiya ta yi fure, aka ciro ta fanko. Hatsi ma bai kai ba. Kafin bazara ta raba, gidaje da yawa 'ya'yan anza na daji ake jiƙawa a ci, an sayar da zabi da awaki. An riga an sauya wa Mushe Sanda wurin aiki, ni ne darakta. Mako guda kafin rufe lakwal na tara yara na ce bana kada kowa ya kawo kome. Wannan ne kuskurena na biyu. Na zaci sauƙi na yi musu, ashe abin da suka kai gida shi ne Mushe ya ce ba mu da shi. Ranar Asabar babu wanda ya zo hannu wofi. Wani ya kawo tsintsiya, wani magarya busasshiya cikin tafin hannu, wata faifai.

Lawali ne ya zo na ɗaya. Saura masa aji guda ya zauna jarrabawar satifika ta gama firamare, kuma a duk yaran da na koyar a ƙauyen shi kaɗai nake da tabbacin zai wuce kwaleji. Da aka buga ƙarfe ya kawo ƙunshi mai nauyi a cikin tsohon kallabi. Hannuna ya ji ƙwaya ce a ciki. Na kira sunansa da na ubansa, na ba shi guntun alli, na tura ƙunshin ƙarƙashin tabarma kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Da aka watse na kwance shi. Ɗanyar gujiya ce, kamar tiya uku, wato kwanon awo uku, ɓararriya, tsintsattsiya, babu mai tsaga ko ɗaya, tana ƙanshin toka. A wannan wata na wannan shekara babu gidan da ke da gujiyar ci. Iri ne, wanda ake rufewa a tulu da toka a liƙe bakin da laka. An yi ruwan shuka ranar Alhamis, mutane sun gama zuba hatsi, ruwa na gaba na gujiya ne.

Ina cikin sake ɗaure kallabin na ji sallama. Illa ne, riƙe da tsintsiyar hannun yaron. Kamar kowane uba na wurin, ba ya kiran sunan ɗan farinsa.

"Mushe, tambaya ɗaya na zo yi. Kai ka ce a kawo ma, ko wannan ya ɗauka?"

"Ban ce ba, Baba Illa. Cewa na yi ma kada a kawo."

"To shi ya ɗauka."

Na dubi yaron na tambaye shi dalili. Ya ce, idonsa a ƙasa, "Ni na zo na ɗaya, Mushe. Kowa hannuna yake kallo."

Na tura ƙunshin gaban Illa. "Ga ta nan. Ko ƙwara ban taɓa ba."

Bai ko dube ta ba. Ya ce, "Ka karɓa gaban mutane?"

"Na karɓa."

"Ka kira sunana?"

"Na kira."

"To ta zama taka. Ka taɓa maido mini da ƙwai biyu gaban gari. Har yau in na shiga kasuwa akwai mai tambayata lafiyar zabina. Ba za a ce gidan Illa ya ba da kyauta da hantsi ya biyo ta da azahar ba." Ya ja hannun yaron. "Wannan kuwa, damina na wucewa zai bi kawunsa ƙasar Katsina. Shekara biyar na ba ku shi, abin da ya koyo fasa bakin tulu. Ka aika wa kwamanda a Mayahi in kana so. Gardinsa mai kamo yaran lakwal ba ya tsallaka iyaka."

Suka tafi, suka bar ni da gujiya.

Na auna hanyoyin da nake da su. In na kai ƙara wurin mai gari, na tona wa yaron asiri, na ƙara wa uban kunya. In na ajiye ƙunshin a ƙofar gidansa, awakin maƙwabta zai watsa wa. In na tafi da shi gida Tasawa, gona guda ta kwana babu shuka a shekarar da ba a da wani iri, kuma duk damina yana ganin ta yana tuna lakwal. Ranar Litinin motar kasuwa ke tashi, jakata a ɗaure take. Ranar Lahadi da hantsi na kwance ta, na tafi zauren Illa.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba Illa, na sami iri, amma ba ni da gona, ban kuma iya noma ba. Na zo neman aron gona da wanda zai koya mini."

Ya daɗe yana kallon ƙafata. "Da waɗannan takalman?"

"Zan cire."

"Hutun naka fa? Ba ka da mutane a Tasawa?"

"Suna nan. Za su jira."

Ya kira yaro ya kawo mini ruwa, ya bari sai da na sha. Sannan ya ce, "Akwai gonar gabas, ba ni da abin zuba mata. Amma ka ji da kyau. Ba zan yi ma aiki ba. Zan tsaya in faɗa ma, in ka yi ba daidai ba ka sake."

"Haka nake yi wa ɗanka."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa."

Ranar shuka na je da igiya da turaku biyu don in ja layi. Illa ya zauna bisa tushen kalgo yana kallona har na gama kafa su, sannan ya ce gujiya ba ta karatu, in nannaɗe kayana. Ya ba ni sungumi. Mutum yana tafiya, taki ɗaya sara ɗaya, na bayansa yana jefa ƙwaya yana rufewa da diddige. Mai sara ba ya yi sai da mai jefawa, don haka ya bar Lawali ya bi bayana. Da na kai ƙarshen layin farko na tsaya ina jiran yabo. Illa ya bi layin yana tonawa da yatsa.

"Wannan ka binne ta kamar gawa, ba ta fitowa. Wannan ka bar wa kurciya a sama. Wannan biyun sun haɗu kamar masu gulma. Sake."

Na sake. Sau uku na sake layin, Lawali yana tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya yana mai da su cikin ƙwarya, bai ɗaga kai ba. Masu wucewa zuwa gonakinsu suka fara tsayawa a bakin hanya.

Wani ya ce, "Sannu da aiki, Mushe. Illa, nawa ya samu bisa goma?"

"Uku," in ji Illa. "Ɗaya na zuwa da wuri ne."

Noman farko ya fi shuka wuya. Hauyar wurin doguwa ce, a tsaye ake tura ta, bakinta yana tafiya ƙarƙashin rairayi yana yanke ciyawa. Hannun da ya saba da alli ba ya jin inda bakin yake. A wunin farko na sare gujiya goma sha wani abu. Illa ya tsince su, ya jera mini a bakin gona kamar yadda nake jera kurakuran yaro a gefen shafi. Tafin hannuna ya yi ƙulli ya fashe, matarsa ta aiko mini da man kaɗe ta hannun Lawali. Ya koya mini cewa in fure ya faɗi, tsiron ya soma sunkuyawa yana shiga ƙasa, ba a kusantar gindi da ƙarfe, da hannu ake cire ciyawa. Ya koya mini duba bayan ganye. Ya koya mini in daina tambayar dalili kafin in yi abin da aka ce.

Duk daminar ban ambaci lakwal ba, ko sau ɗaya. Ban kawo littafi gona ba, ban yi wa yaron Faransanci ba. Wanda ya zo koyo ba ya buɗe aji a gonar malaminsa. Wannan ya fi hauyar wuya, domin kullum ina ganin watan tafiyar yana matsowa, na kuma ji an ce kawun ya aiko zai zo da kaka.

Illa ne ya tayar da maganar, lokacin maimai, noma na biyu, muna shan fura a gindin kalgo, yaron ya tafi ɗebo ruwa.

"Shi wannan satifika, in mutum ya ci, mi ke biyowa?"

Na ce kwaleji, shekara huɗu, gwamnati ke ciyarwa, daga nan aikin ofis, ko asibiti, ko koyarwa.

"In ya faɗi fa?"

"Ya dawo gona. Ya riga ya iya, ya fi ni."

"Kowa ya fi ka," in ji shi. Ya miƙo mini ludayi.

Ruwan wannan shekara bai yi yawa ba, amma ya kai. Muka cire gujiya, muka kifa ta ta bushe, muka tsinke. Ba ta yi abin a zo a gani ba, amma ta ninka irin sau da yawa. Illa ya sa aka zuba ta a buhu, aka jingine a gabana a bakin gona.

"Ga gujiyarka. Harawar ma taka ce, in kana da akuya."

"Ba ni da akuya, ba ni da rumbu. In na kai ta lakwal ɓeraye za su gama da ita. A ajiye mini a naka. In ruwa ya sauka a zuba mini a gonar nan."

Ya dube ni. "Ajiya ce?"

"Ajiya ce."

"To. Ajiya ba maido da kyauta ba ce." Ya ce wa yaron, "Kai, kawo jaki."

Bai ce mini kome a kan tafiyar ba, ni ma ban tambaya ba. Kawun ya zo ranar kasuwa, na gan shi da idona a zauren Illa, ya kwana biyu. Ni kuwa ina tare da mutanen mai gari muna kafa sabuwar rumfa da karan bana, ina shafa wa allon bango gawayi, ina tace ruwan tawada.

Tun daga wannan shekara ban sake hana yara kawo kyauta ba. Abin da nake yi, in shekara ta yi tsanani, tun wata guda kafin hutu nakan faɗa a aji cewa tsintsiyata ta ƙare, igiyar gugana ta tsinke, ina kuma sha'awar magarya. Yaro yana son ya san abin da zai riƙo a hannunsa ranar sallama. In ba ka nuna masa abin da yake iyawa ba, zai ɗauko abin da gidansu ba ya iyawa. Kuma ƙunshin da ya fi ƙarfin shekarar, ku kwance shi da zarar yara sun ba da baya, kada ku tsaya cin abinci.

Ranar Litinin da aka buɗe lakwal, da ƙarfe takwas, na buga ƙarfe na kira suna. Lawali ya amsa daga wurin zamansa. A watan Yuni ya zauna jarrabawa a Mayahi, ya ci, ya wuce kwaleji. Gujiyar tana rumbun Illa har aka sauya mini wurin aiki, ban karɓa ba.